Daɓen da Ya Girme Mu

Yawancin gidajen unguwarmu a birnin Milwaukee, cikin jihar Wisconsin ta Amurka, an gina su ne a shekarun 1920, kuma kusan tsarinsu ɗaya: falo a gaba, ɗakin cin abinci a bayansa, sai ɗan siririn lungu da ke kai mutum ɗakunan kwana. Daɓensu na katako ne, siraran falankai da aka jera aka sarƙe bakin wannan cikin bakin wancan. A falo da ɗakin cin abinci itacen ok ake sa wa, saboda zanen jikinsa, a kicin da ɗakunan kwana kuwa itacen mepul. Mafi yawan maƙwabtanmu sun daɗe da kankare nasu, suka malala masa foliyuretan, wani ruwan roba da ke bushewa ya zama kamar gilashi. Namu bai taɓa ganin wannan ba. Tsohuwar da muka sayi gidan a hannun magadanta ta yi shekara fiye da hamsin tana shafa masa kaki, kuma a haka muka gaje shi, da ƙamshinsa da wahalarsa.

Wani dattijon kafinta ne ya tabbatar mana da haka. Ya ɗiga ruwa a bayan ƙofa ya ce a bar shi, bayan kamar minti goma wurin ya yi fari. Ya jiƙa tsumma da tina ya goga a wani lungu, tsumman ya fito da datti ruwan ƙasa-ƙasa. Ya ce kaki ne, babu tantama. Daga nan ya cire murfin ramin da iskar ɗumi ke fitowa, inda ake iya ganin kaurin katakon daga gefe, ya haska tocila ya ce mu duƙa mu duba. Irin wannan falanki kaurinsa milimita 19 ne idan sabo ne, amma abin da ake iya kankarewa bai wuce milimita 6 na sama ba, domin daga nan an isa inda aka sarƙe su da inda ƙusoshi suke. Namu saura ƙiris. A bakin ƙofar kicin har kawunan ƙusa sun fara leƙowa. Ya ce duk wanda ya sake ɗora injin samfefa a kan daɓen nan, to ya shirya kuɗin sabon daɓe. Kuma foliyuretan ba ya kama katakon da ke da kaki sai an kankare. Magana ta ƙare ke nan: ko mu ci gaba da kaki kamar yadda tsohuwa ta yi, ko mu lulluɓe shi da kafet mu manta da shi.

Kafet ɗin mun yi shawararsa, muka watsar. Mu mutanen ƙasa ne, ba a ma'anar da ma'aikatan shige da fice ke nufi ba. A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa yara ke yin aikin makaranta duk da teburin da aka saya musu, a ƙasa muke salla, a ƙasa baƙi ke miƙe ƙafa idan hira ta yi daɗi. Ba'amurke yana kallon daɓensa daga tsaye ko daga kan kujera, mu kuwa goshinmu na kusantarsa sau da yawa a yini. Wanda ya taɓa zubar da miyar kuka a kan kafet ya san abin da ke biyo baya. Katako ana share shi, a ga ya fita tas. Ba ma shiga da takalmi, saboda haka gishirin da ake watsawa a tituna lokacin dusar ƙanƙara, wanda shi ne babban abokin gabar daɓen katako a wannan gari, a bakin ƙofa yake tsayawa.

Sai dai kaki yana da sharaɗi. Ba a shafa shi a tafi. Abin da ke cikin gwangwanin haɗi ne na kaki da wani mai da ke tausasa shi. Idan aka shafa, man ya bi iska, sai kakin ya rage a kan katako dusu-dusu kamar hazo. Gugar da za a yi masa daga baya ita ce ke ɗan ɗumama shi, ta baje shi, ta danna shi cikin ƙofofin itacen, har ƙyalli ya fito. Mafi ƙarfin kakin da ake sa wa a ciki shi ne karnauba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Ana yanko ganyen, a shanya, a kakkaɓe garin da ke jikinsa, a narkar. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, karnauba kuwa sai an haura 80. Shi ya sa yake jure tafin ƙafa, shi ya sa kuma yake gajiyar da hannu.

Abin ban sha'awa, asalin wannan sana'a a maƙwabtanmu yake. Garin Racine yana kudu da mu a bakin tafkin Michigan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. A can ne Samuel Curtis Johnson ya sayi wani sashen kasuwancin daɓen katako a 1886, masu saye suka dame shi da tambayar yadda za su kula da daɓen, sai ya shiga haɗa musu kaki. Kakin ya zo ya fi katakon kasuwa. A 1935 jikansa ya hau ƙaramin jirgin sama har Fortaleza a Brazil don ya ga itacen karnauba da idonsa. A ƙarshen 2021 kamfanin ya daina yin kakin nan na gwangwani mai ruwan ɗorawa. Mun tarar da gwangwanaye biyu da rabi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, cikin tarkacen da magada ba su ga amfanin ɗauka ba. Akwai wasu kamfanonin da ke yin irinsa har yanzu, amma daina yin wancan ya nuna inda kasuwa ta dosa. Masu daɓen kaki sun zama tsiraru, kuma kantuna ba sa tara kaya don tsiraru.

Karon farko da hannu muka yi. Falo da ɗakin cin abinci da lungu sun kai murabba'in mita 45. Muka durƙusa mu biyu, maigida da uwargida, da tsofaffin tawul, tun bayan sallar asuba har la'asar. Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma uwargida ta ce wannan aikin gayya ne, kuma gaskiyarta. A ƙauyen kakanninta idan za a yi daɓen ɗakin amarya, matan unguwa ne ke taruwa da madaɓai, a baza tsakuwa, a yi ta duka ana waƙa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi tauri ta yi duhu tana sheƙi. Ba wadda ke yin wannan ita kaɗai. A nan kuwa gayyar mutum ba ta wuce shi da matarsa da abin da ya iya saya. Kaki sau biyu a shekara ake shafawa, amma guga kusan duk wata ake bukata a inda ƙafa ta fi bi. Gwiwoyinmu ba za su ɗauki wannan ba. Dole a nemi inji, kuma a lokacin da kuɗin gida da na gyaran rufi suka bar mu da ɗan abin da ba a rasa ba.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa jikar Jamusawa (Milwaukee cike take da zuriyarsu), ta ba mu labarin abin da kakarta ke amfani da shi: wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, da buroshi a ƙasansa da doguwar sanda, ana tura shi gaba a jawo shi baya. Ba wuta, ba ƙara. Ta ce yaran gidan ne ke shan aikin duk ranar Asabar. Mun ji labarin muna dariya, amma ya koya mana abu guda da ya yi mana amfani a kasuwa. Abin da kaki ke nema shi ne ɗan nauyi da guga mai yawa. Bai nemi gudu ba.

Wanda ya buɗe mana ido sosai wani ɗan'uwa ne da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, Bahaushen Zangon Kumasi, wanda ya yi shekaru yana aikin dare na tsabtace wata makaranta. Da ya ji muna zancen inji sai ya ce, “Malam, kada ka sayi komai sai ka riƙe shi da hannunka. Ku zo da uwargida ranar Lahadi.” Ya nemi izinin shugabansa, muka je.

Inji biyu ya nuna mana. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, mai faifai ɗaya mai faɗin inci 17, yana juyawa sau 175 a minti. Nauyinsa ya kusa kilo 45. Ba a tura shi kamar keken guragu. Idan ka ɗan ɗaga mariƙin sama sai ya tafi dama, idan ka ɗan sauke sai ya tafi hagu, kuma tsakanin ɗagawa da saukewa akwai wani wuri da yake tsayawa cak yana juyi, wanda sai hannu ya saba yake gane shi. A hannun ɗan'uwan namu kamar rawa yake yi da shi, da yatsu biyu. Ya ce duk sabon ma'aikaci sai injin nan ya ja shi ya buga da bango a daren farko. Maigida ya karɓa, ya sha fama, daga baya ya ɗan samo kansa. Uwargida ta riƙe na minti ɗaya ta sake, ta ce, “Wannan ai doki ne, ni kuwa ban yi niyyar hawan sallah ba.” Na biyun ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, yana juyawa sau 1,500 a minti ko fiye. Shi ne ke sa daɓen asibitoci da manyan kantuna ya yi kamar an zuba ruwa. Ɗan'uwan ya ɗora hannu a kansa ya ce wannan na tayil ne mai ruwan roba, kada ya kusanci katakonmu, zafinsa zai narkar da kakin ya dame shi, in an tsaya wuri ɗaya ma ya ƙona itacen.

Shi ne kuma ya karanta mana launin faifan soso da ake maƙalawa a ƙarƙashin injin. Fari na fito da ƙyalli ne. Ja yana ɗan cin datti kaɗan. Kore na wanki ne, baƙi kuwa na ɓare tsohon shafi gaba ɗaya. Ya ce mu tsaya a fari, in ta kama sosai mu taɓa ja, sauran mu bar wa makaranta.

Muka dawo gida muka zauna lissafi. Babban injin nan sabo, a inda muka duba, daga dala 600 yake farawa ya haura 1,000. Ana ba da hayarsa a manyan kantunan kayan gini, na awa huɗu ko na yini, kuma kuɗin da aka faɗa mana na yini ya kusa dala 50, ban da faifai. Haya tana da kyau ga wanda zai yi aiki sau ɗaya a shekara. Ga mai guga duk wata, kafin shekara ta zagayo ya biya kuɗin sabo, ga ɗaukar kilo 45 a saka a mota, a sauke, a haura da shi matakala biyar na ƙofar gida, a mayar kafin lokaci ya cika. Akwai kuma maganar wuta. Layukan gidajen nan na bolt 120 ne, yawancinsu amfiya 15 suke ɗauka, kuma babban inji yana iya cinye kusan duka shi kaɗai, musamman lokacin tashi. A tsohon gida irin namu, inda falo da rabin kicin ke kan layi ɗaya, sai an kashe firji kafin a goge daɓe. Ɗakunan ma ƙanana ne. Injin da aka ƙera don dogon lungun makaranta, a falonmu rabin aikinsa kauce wa bango ne.

Daga can ƙasan farashi kuma akwai wasu 'yan injuna marasa waya, masu faifan tsumma biyu da ɗan tankin ruwa da ke fesawa. Hotunansu sun cika intanet, kuma sunan da ake tallarsu da shi yana sa mutum ya ɗauka abin da yake nema ke nan. Na wanke tayil ne da daɓe mai foliyuretan. Ruwa shi ne abin da daɓen kaki ya fi ƙi, kuma ko an bar tankin babu komai, ba su da nauyin da zai danna kaki. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma a nan ba ado ne matsalar ba, aikin ne ba nasu ba. Wani ya ba mu shawarar injin goge mota na hannu. Yana fito da ƙyalli, amma a durƙushe ake riƙe shi, mu kuwa durƙuson muke gudu.

Saura biyu, kuma a kansu ne muka yi sati uku muna ja-in-ja. Ɗaya shi ne irin Oreck Orbiter, mai faifai ɗaya na inci 13. Faifansa ba ya juyawa a da'ira ɗaya kamar na babban, karkarwa yake yi yana zagaye, saboda haka ba ya jan mutum gefe kuma ba ya barin zanen da'ira a kan katako. Yaro ma zai iya riƙe shi. Farashinsa ya haura dala 300. Ɗayan kuma tsohon yayi ne: ɗan inji mai buroshi biyu a jere, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu, kowanne yana soke jan ɗan'uwansa, sai injin ya tsaya inda aka ajiye shi. A shekarun 1950 da 1960, lokacin da kaki ke mulki, kamfanoni irin su Hoover da Regina da General Electric sun yi su da yawa, Electrolux ma ya yi mai buroshi uku. Kamfanin Koblenz na Meziko ya ci gaba da yin irinsu bayan sauran sun watsar.

Maigida yana bayan na farko. Hujjarsa ita ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma sabo yana da garanti, faifansa ana samu a ko'ina. Uwargida ta ce ita ba ta musa ingancinsa ba, tambayarta ita ce wa zai riƙa fito da shi. Injin da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa saboda ya yi nauyin haurowa, ko saboda babu kabad ɗin da zai shiga a sama, daidai yake da babu. Ta fi son abin da za ta ɗauka da hannu ɗaya ranar Alhamis da yamma, ta bi lungu da gaban kujeru cikin minti ashirin, ta mayar bayan ƙofa. Ta kuma tuna masa cewa ba dala 300 ce kawai a gabanmu ba. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta sami biza, kuma tikitinta daga Kano yana kanmu.

Zuwan Hajiya ya shigo da wata damuwar da ta fi kuɗi. Shekarunta sun haura saba'in, gwiwarta ɗaya ba ta da ƙarfi, kuma karayar ƙugu ga mai irin shekarunta ba ƙaramin abu ba ne a ko'ina, balle a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti ke iya cinye albashin wata. Da aka gaya mata a waya cewa daɓen gidan ana shafa masa kaki, sai ta ce, “Kai, ɗan nan, so kuke ku kashe ni? Wa ya taɓa shafa wa ƙasa mai?” Muka koma wurin kafinta da tambayar. Ya ce kakin da ya yi kauri, ko wanda ba a goge sosai ba, shi ne ke da santsi da danƙo. Shafi siriri da aka goge har ya bushe ƙarau ya fi riƙe ƙafa, musamman ƙafar da ba safa. Abin tsoron shi ne safa, da kuma ƙananan shimfiɗu, domin darduma a kan kaki tafiya take yi kamar kwalekwale. Matakala kuwa kada a kuskura a shafa mata. Wannan ya ƙara wa maganar uwargida nauyi: tsaron Hajiya yana ga yawan guga, yawan guga kuma yana ga injin da ba a jin ƙyuyar ɗaukowa.

A garin nan idan tsoho ya rasu, ko aka mayar da shi gidan kula da tsofaffi, magada kan buɗe gidan kwana biyu ko uku a yi gwanjon duk abin da ke ciki, daga kujeru har cokula. Mun daɗe ba mu saba da abin ba, shiga ɗakin kwanan mamaci ana taya labulensa. Amma a irin waɗannan gidaje ne injunan da muke nema suke kwance, domin masu su ne suka yi zamani da kaki. A gida na huɗu muka same shi, a jingine bayan injin wanki, mai buroshi biyu, jikinsa ƙarfe, launinsa kore mai duhu. Ɗan'uwanmu na Kumasi ya riga ya faɗa mana abin dubawa. Muka bi wayar daga kai har gindi muna lanƙwasawa, ko robar ta bushe ta tsage. Muka nemi soket muka kunna, muka bar shi ya yi minti biyar yana aiki, muna sauraron ko ƙarar za ta canza, muna shinshina ko ƙaurin ƙuna zai tashi. Muka kifa shi muka ga gashin buroshin bai cinye ba, kuma duka biyun tsawonsu ɗaya. A cikin wata jaka da ke rataye a mariƙin akwai buroshi na biyu masu taushi da faifan ulu guda huɗu, biyu ba a taɓa amfani da su ba. An rubuta dala 40. Ranar ƙarshe ce ta gwanjon, matar da ke karɓar kuɗi ta ce mu kawo 25. Wayar mun canza ta duk da haka, a wani shagon gyaran injin shara, aka sa mai ƙafa uku, kuɗin ya zo daidai da na injin.

Yana da iyakarsa. Bai kai kilo goma ba, saboda haka idan kaki ya yi kauri sai ya bar sawu kamar na tsintsiya a kan yashi. Maganin shi ne a shafa kaɗan ƙwarai, a ɗaure ɗan dunƙulen kaki cikin tsumma a bar ɗumin hannu ya riƙa tatso shi, a jira ya bushe, sannan a bi da buroshi mai tauri, a ƙare da ulu, ana bin tsawon falanki. Faɗinsa kaɗan ne, falo yana cin kusan awa ɗaya ranar babban shafi. Ba ya shiga kusurwa, nan sai tsumma. Ƙararsa kamar ta injin markaɗe. Ranar shafi kuma sai an buɗe tagogi saboda warin man, shi ya sa muke yi a watan Mayu da Oktoba, kafin sanyi ya rufe gari. A tsakiyar hunturunsu, idan na'urar ɗumama gida ta busar da iska, falankan kan tsuke su bar 'yan ramuka a tsakaninsu, kamar yadda ƙofofin katako ke yi a gida lokacin iskar hunturu. A wannan lokaci guga kawai muke yi, ba ma ƙara kaki, don kada ya cika ramukan ya taru.

Hajiya ta iso a watan Yuni. Kafin ta zo mun sa roba mai riƙe shimfiɗa a ƙarƙashin kowace darduma, har da sallayarta, muka kuma shimfiɗa doguwar tabarmar roba daga ƙofar ɗakinta zuwa banɗaki. Abin da ya rage shi ne ruwan alwala. Ɗigon da ke sauka daga gwiwar hannu da dunduniya yana barin fararen tabo a lungu, sau biyar a yini, kuma ba mu ga fuskar da za mu ce wa Hajiya ta goge ƙafa kafin ta fito ba. Uwargida ta ajiye tawul a bakin ƙofar ba ta ce komai ba. Wani lokaci ana amfani da shi, wani lokaci a tsallake. Tabon kuwa ba ya wuce kakin, bai taɓa kai wa ga itacen ba. Ɗan soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da ɗigon kaki, sai a bi da inji, wurin ya koma kamar sauran, ba tare da an taɓa ragowar daɓen ba.

A sati na uku Hajiya ta zauna a kan kujera tana kallon uwargida na bin lungu da injin. Da aka kashe ta ce a miƙo mata ta gani. Ta kama mariƙin ta jijjiga, ta sa aka kifa shi ta shafa buroshin da yatsa, ta tambayi nawa aka saya. Aka faɗa mata, ta lissafa da naira a ranta, ta ce an yi tsada. Sannan ta ce gobe a fara da ɗakinta, gefen taga ya dushe.